Na biya an buɗe mini shafi, amma Google bai san da ni ba

Tambaya: Ina sayar da wake, masara da riɗi a Tudun Hatsi, Gombe. Wani yaro ya buɗe mini shafin intanet na biya shi, amma in na rubuta sunan shagona a Google ba ya fitowa. Yanzu ya ce in ƙara kuɗi ya sa ni a ciki. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Google ba ya karɓar ko sisi kafin ya shigar da shafi cikin ma'ajiyarsa. Talla ce ake biya, ita kuma hanyarta daban.

Google na da wata manhaja, Googlebot, mai bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan, tana karantawa tana ajiyewa. Inda ba ta shiga ba da wuya ya fito a bincike, inda aka ce mata kar ta ajiye kuwa ba zai fito ba. Ka rubuta site: a Google, ka manna adireshin shafinka ba tazara. In ba abin da ya fito, alama ce ba a ajiye ka ba.

Sau da yawa matsalar 'yar ƙarama ce. Masu gina shafi da manhajar WordPress sukan kunna wani zaɓi da ke roƙon injunan bincike su ƙyale shafin har a gama aiki, a gama kuma a manta da shi a kunne. Ka sa yaron ya duba wannan, ya duba fayil ɗin robots.txt, mai gaya wa Googlebot inda ba za ta shiga ba, da alamar noindex, mai ce mata kar ta ajiye shafi. Sannan ya yi rajista a Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, kyauta ne, ya miƙa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk abin da ke ciki. Da imel ɗinka za a yi, ba nasa ba, haka ma rajistar sunan shafin. Mu'amala ce, ana iya saɓawa.

Ga inda 'yan kasuwarmu suka fi tafka asara. Sai a rubuta sunan kaya, farashi da lambar waya duk a jikin hoto, irin na turawa a WhatsApp, a ɗora. Google kuwa rubutu ya fi ganewa. A ware wa wake shafinsa, riɗi nasa, a rubuta irinsa, nauyin buhu, ko kana loda mota zuwa Legas ko Fatakwal, kalmar Gombe ta fito ɓaro-ɓaro. A sa Turanci kusa da Hausar, don mai saye daga Kudu ba zai rubuta "farin wake" ba. Kowanne a iya isa gare shi daga shafin farko. A rage wa hotuna nauyi, tunda yadda shafi ke buɗewa a waya Google ke dubawa.

Bayan gyara, abin kan ɗauki kwanaki ko makonni. Wanda duk ya yi maka alƙawarin sahun farko, Google da kansa ya ce ba mai iya ba da wannan tabbaci. Kafin nan ka buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne, shagonka ya fito a taswira da lambar wayarka.