Filin Goggo: Kantin rangwame, Tudun Hatsi da kwalbar ranar biki

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan cefane suka zo, kuma ban yi mamaki ba, ganin yadda farashi ya ƙi zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Na zaɓi uku. Masu tambaya a kan tukunyar gas ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo, ina gaisuwa. Ni uwargida ce a Tumfure, mu bakwai ne a gida. Kantunan zamani irin waɗanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa sun yawaita a Gombe, wasu har da jar takarda a ƙofa wai an karya farashi. Maigidan ya ce daga yanzu can za mu riƙa yin cefanen wata, tunda akwai tsabta kuma babu jayayyar ciniki. Ƙaninsa da ke karatu a Jamus ya ƙara masa ƙarfi, ya ce a can kayan kantin araha ba su da maraba da na kantin masu kuɗi. Ni kuwa na saba da Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, sai dai labarin Jamus ya ba ku, ku kuwa a Gombe za ku ɗora tukunya.

Kantunan da yake nufi su ne irin su Aldi da Lidl. Aldi wasu 'yan'uwa biyu ne, Karl da Theo Albrecht, suka raine shi daga ɗan shagon mahaifiyarsu a garin Essen, wanda suka karɓa a 1946. Arahar tasu tana da tushe. Inda wani babban kanti zai jera kaya iri 20,000 ko fiye, Aldi bai cika wuce 2,000 ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da sunan da shi ya mallaka ake yi masa su a masana'anta. Taliya iri ɗaya ko biyu, amma ana saye tirela-tirela. A cikin kwalinsu ake ajiye su a kan kanta, ma'aikata kaɗan, babu ƙawa. Kuɗin da aka rage daga nan ya fito, ba daga cikin ledar ba. Sannan akwai wata cibiya mai suna Stiftung Warentest, wadda aka kafa a 1964, tana sayen kaya tana gwadawa tana buga sakamako, kowa ya gani. Mai kanti ya san idan ya yi algus za a tona shi a jarida.

Namu mai kantin fa? A wurin dilan da ɗan kasuwa ke sari shi ma yake sari, yawanci kayan Kasuwar Singa ta Kano ko na Legas. Ga kuɗin haya, ga man janareta, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga albashin yaran da ke sanye da riga iri ɗaya. Ɗan kasuwa rumfa kawai yake biya. Ko Shoprite da ƙarfinsa, a Janairun 2024 ya rufe reshensa na Kano. Saboda haka duk ranar da kika ga kanti ya fi kasuwa sauƙi, ki tsaya ki tambayi kanki daga ina sauƙin ya zo.

Wani lokacin sauƙin na Allah da Annabi ne: ya yi sari da yawa kafin farashi ya tashi, bai sauya takarda ba. Wani lokacin sukari da taliya ya karya don ki shigo, ya san ba za ki fita ba sai da biskit ɗin yara da sabulu da kayan ƙamshi, a nan zai fanshe. Wannan ma ciniki ne, ba laifi, ke dai ki ɗauki abin da ya kawo ki ki fita. Wanda ya fi damuna shi ne inda leda ta yi kama da wadda kika sani amma abin cikin ya sauya.

Ɗauki tumatirin leda. Ki juya bayansa ki karanta jerin abin da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan tumatir ne a farko, sai gishiri, to kin samu. Idan kika ga sitaci da sukari da kala sun biyo baya, haɗi ne, kuma kaskonki zai gaya miki: na gaske ja ne mai duhu, idan ya shiga mai mai zafi sai ya warwatse ya saki ƙamshi, mai ya taso sama. Na haɗi ja ne wur kamar janbaki, yana dunƙulewa yana kama gindin tukunya, miyar ta yi yauƙin da ba kuɓewa kika sa ba. Leda biyu za ki zuba inda ɗaya ta isa. Ina arahar take?

Madarar gari ma haka. Akwai wadda take da man nononta, akwai wadda aka cire man aka mayar da man itatuwa, ita ce ta fi araha. Ba guba ba ce, shayi na shan ta lafiya lau, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma ko wacce ce daga cikinsu ba abincin jariri ba ce. Man girki, sukari da fulawa kuwa, ki nemi ɗan tambarin ido a jikinsu. Tun 2002 doka ta wajabta a ƙara musu sinadarin bitamin A, tambarin ke nuna an ƙara. A nan kam kanti ya fi mai aunawa a kwalba, domin man da aka juye daga jarka babu wanda zai iya ce miki ga asalinsa.

Sai ki kula da nauyi. A ce leda ɗaya giram 500 ce a kan ₦1,000, ɗayar giram 400 a kan ₦850. Ido zai tafi kan ta biyu, alhali ita ta fi tsada: giram 100 nata ya haura ₦210, na farkon ₦200 ne cif. Wayarki na da kalkuleta, ba abin kunya ba ne. Ki kuma karɓi rasit ki duba kafin ki bar ƙofa. A Fabrairun 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda farashin da ke kan kanta daban, wanda ake caja wurin biya daban.

Hatsi kuwa, kada ki bari a raba ki da Tudun Hatsi. Masara, gero, wake, shinkafar Dadin Kowa, yawancin wanda kika gani a kanti cikin leda mai sheƙi daga irin waɗannan kasuwannin aka auno shi, aka tsince, aka ɗora kuɗin leda. A kasuwa za ki damƙa da hannunki, ki ciza ki ji ko ya bushe, ki sansana. Wake musamman sai an sansana: idan kika ji warin maganin ƙwari, ki ajiye ko nawa ne. Saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Leda a rufe ba ta ba ki damar sansanawa. Tattasai, albasa da ganye ba sai na faɗa ba, na lambun Kwadon da ya iso da safe ba ya haɗuwa da wanda ya kwana uku a firji.

Ki ce wa maigida Goggo na gaishe shi, kuma ta raba gardama: abin da masana'anta ta rufe, a kanti, abin da ƙasa ta fitar, a kasuwa. Shi ya tura keken kanti, ke ki riƙe mudu.

Tambaya: Goggo barka da aiki. Ni ango ne mai jiran gado, a Fadaman Mada nake a Bauchi, biki saura 'yan makonni. Abokai sun ce dole a jera kwalaben ruwan inabi marar giya a wurin dina. Na zaga kantuna da Kasuwar Wunti, na ga iri-iri, wani ya ninka wani sau uku a farashi, kwalba kuwa duk ɗaya. Wani aboki kuma ya tsorata ni, ya ce wasu akwai giya kaɗan a ciki. Yaya zan bambance, kuma mai arahar zai kunyata ni?

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Maganar abokin naka mu fara da ita, don ta fi ɗanɗano muhimmanci.

Abin da ake sayarwa da wannan sunan iri biyu ne. Na farko ruwan inabi ne da aka matse, aka dafa shi sama-sama don kada ya lalace, aka ɗura masa iskar gas irin ta lemon kwalba. Bai taɓa zama giya ba. Yawancin waɗanda ake jerawa a bukukuwanmu irinsa ne. Na biyu giya ce sosai aka fara yi, inabin ya ruɓa ya yi tsami, daga baya aka sa na'ura ta zuƙe barasar. Irin wannan yakan bar ɗan saura, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a kira abu marar giya matuƙar bai wuce 0.5% ba. Malamai sun yi magana a kansa kuma ba bakinsu ɗaya ba, hukunci nasu ne ba na Goggo ba. Amma kai da za ka shayar da jama'a, har da iyayen amarya, me zai kai ka wurin da ake saɓani? Ka ɗauki na farko.

Yadda za ka gane: ka bar gaban kwalba, ka juya baya. Ka nemi lamba mai alamar kashi a gefenta. 0.0% shi kake so, sai dai nau'i na biyu ma yakan ɗauki wannan lambar, don haka ka duba ko an rubuta cewa cire barasar aka yi. Idan ka ga 0.5%, nau'i na biyu ne. Idan ka ga 11%, 12% ko 13%, wannan giya ce tsantsa, kuma na ga kantin da ya jera su kanta ɗaya da marar giyar, kwalba kore iri ɗaya, takardar zinare a wuya iri ɗaya. Kada ka aiki yaro ya sayo. Kwalbar da babu wata lamba, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, ka bar musu abinsu. Ita lambar ma masu jabu suna bugawa. A Disambar 2023 NAFDAC ta kai samame wata kasuwa a Aba inda ta tarar ana haɗa jabun kayan sha iri-iri ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Ka duba murfi ko an taɓa shi, ka duba takarda ko ta karkace ko rubutun ya dushe, ka ɗaga kwalbar a haske ka ga ko akwai gurɓi a ƙasa.

Bambancin farashi kuwa yawanci a jerin kayan haɗi yake. Mai tsadar za ka ga ruwan inabi ne a farko. Mai arahar ruwa ne a farko, sai sukari, sai ɗan inabi, sai ƙamshi da kala. Amma ba kullum ba. Wani kuɗin jirgin ruwa da na kwastan kake biya saboda daga Sifen ko Afirka ta Kudu ya taso, ba don ya fi daɗi ba. Ka sayi ɗaya-ɗaya daga iri uku, ka sanyaya su daidai, ka zuba a kofuna ba tare da an ga kwalba ba, ka ba Hajiya da ƙannenka mata su ɗanɗana. Wanda suka zaɓa shi za ka saya kwali-kwali. Na sha ganin na tsakiya ya yi nasara. Mai arahar can ƙasa yakan bar ɗaci-ɗaci a maƙogwaro, gas ɗinsa kuma kafin a gama addu'a ya tsere.

Ka lura da inda aka ajiye kwalin. Zafin Bauchi a Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, kwalin da ya wuni a rana bakin shago ɗanɗanonsa ya riga ya juya. A nan kanti mai sanyi ya fi rumfa.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa mutane: ruwan inabi na da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100. Kwalba mai santilita 75 ta haura giram 100 ke nan, ninki biyu na giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a kai a wuni. Teburin dattawa, inda ba a rasa mai ciwon suga, ka wadata shi da ruwa.

In da ni ce uwar biki, kwalba shida a babban tebur saboda hoto sun isa. Sauran jama'a zoɓo mai abarba da citta da kanumfari, a ɗura a gora mai tsabta a sanyaya tun dare. Zoɓon nan da muke rainawa har Meziko ake fitar da shi daga Arewa. Kunun aya ka bar shi, ba ya jure jiran amarya.

Tambaya: Goggo, ɗalibi ne ni a Jami'ar Jihar Gombe. Wani kanti na sayar da kifin gwangwani rabin kuɗi saboda kwanan watansa saura mako uku, haka ma kifin firiza. In saya?

Amsa: Na gwangwanin ka saya, iya wanda za ka cinye, ba kwali ba. Ka tabbata kwanan watan bugun masana'anta ne, ba wata 'yar takarda aka manna a kai ba. Gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, ko kyauta ne kada ka karɓa, domin gubar da ke kumbura gwangwani ba kullum take wari ba, kuma tana kisa.

Na firizar ne nake shakka. Da yadda wuta take a garin nan, ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Idan ka ga ƙanƙara mai ruwan hoda ta taru a kusurwa, kifayen sun manne sun zama dunƙule ɗaya, to ya narke an sake daskarar da shi, wataƙila ba sau ɗaya ba. Da wannan kuɗin gara ka sayi busasshen kifi, zai yi maka mako biyu a ɗaki ba ruwanka da firiza.