Ya Ce "Albarka" Ya Koma Gida Da Riɗinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayen riɗi a ƙauyukan Jigawa da kaka, in kai Dawanau. Makon jiya wani manomi ya kawo buhu 6. Na san bikin 'yarsa ya matso, sai na taya ƙasa sosai, na ce ko ya sallama ko ya bari. Ya dube ni ya ce "albarka", ya biya kuɗin amalanke ya mayar da kayansa gida. Mai neman kuɗi ya ƙi kuɗi? Abokaina sun ce in daure, matsi zai dawo da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Manomin nan ba wauta ya yi ba. Abin da ya yi maka, masana tattalin arziki sun fi shekara 40 suna gwada shi da kuɗi na gaske.

A 1982 ne Werner Güth da abokan aikinsa biyu suka fara a Jami'ar Kolon ta Jamus. A haɗa mutum biyu da ba su san juna ba, a ba na farko kuɗi, mu ce naira 10,000, ya faɗi nawa zai ba ɗan'uwansa. In wancan ya karɓa, a raba yadda aka faɗa. In ya ƙi, su duka su tashi hannu rabbana. A lissafin takarda, ko naira 100 aka miƙa masa sai ya karɓa, tunda da babu gara ba daɗi. Amma da aka yi ta maimaita gwajin a ƙasashe daban-daban, sai aka ga yawancin masu tayi suna ba da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, tayin da bai kai kashi 20 ba kuwa kusan rabinsa ake watsar da shi. Mutum ya yarda ya yi asara, muddin wanda ya raina shi bai ci ba.

Abokanka suna da gaskiya ta wani gefe, ba zan ɓoye maka ba. Lisa Cameron ta gwada a Indonesiya da kuɗin da ya kai cefanen kusan wata 3, ta ga idan kuɗi ya yi kauri mutane sun fi haɗiye fushi su karɓi tayi ƙarami. Matsi yana lanƙwasa mutum. Sai dai ko a can, masu tayin ba su yi gangancin matsawa ba, sun tsaya kusa da rabi.

Abin da ya fi shafarka shi ne binciken da Alvin Roth da abokansa suka fitar a 1991, wanda aka yi a Urushalima, Tokiyo, Pittsburgh ta Amurka da Lubliyana ta tsohuwar Yugoslabiya. Kowa ya buga sau 10, kowane zagaye da sabon abokin ciniki. Masu tayi suka riƙa lalubo inda haƙurin mutanen garin ya ƙare, har tayin da aka fi yi a ƙarshe ya zama kashi 50 a Pittsburgh da Lubliyana, kashi 40 zuwa 45 a Tokiyo, kashi 40 a Urushalima. Daga baya Roth da Ido Erev suka bayyana dalili: wanda ya taya 20 aka ƙi, 80 ya rasa, wanda ya ƙi kuwa 20 kaɗai ya rasa. Don haka mai tayi ne ke saurin gyara hali, mai cewa albarka bai cika sauyawa ba. To duba naka. Riɗi ba tumatur ba ne, yana nan a ɗaki lafiya lau. Shi kuɗin amalanke ya tafi masa, kai ribar buhu 6, da ta baɗi, da ta maƙwabtansa da ya riga ya ba labari a ƙofar masallaci.

A binciken nan dai an kuma yi wasan kasuwa, masu saye 9 a kan mai sayarwa ɗaya. A biranen huɗu duka, farashi ya hau har kusan ribar gaba ɗaya ta koma hannun mai kaya. Manomin yau da waya a aljihunsa, kira ɗaya ya ji yadda aka tashi a Maigatari. Ba kai kaɗai ke da sikeli ba.

Kada kuma ka ɗauka matse mutane shi ne gwanintar kasuwa. Joseph Henrich da tawagarsa sun kai gwajin ga ƙananan al'ummomi 15, suka buga sakamako a 2001. Machiguenga na dajin Peru, da kowane gida ke ci da kansa, kashi 26 suka riƙa bayarwa. Mutanen Lamalera na Indonesiya, masu haɗuwa su farauci ƙaton kifin teku da ake kira whale, sun wuce rabi. Al'ummomin da suka fi sabawa da saye da sayarwa su ne suka fi yin tayin adalci. Mu ma ai mun sani Annabi (SAW) ya hana tarye ayari a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa.

Ka koma wurinsa da ƙafarka, kada ka aika yaro. Faɗa masa farashin Dawanau na ranar, ka cire kuɗin mota, dako, buhu da abin da ke raguwa in an sheƙe ƙasa da tsakuwa, sannan ka faɗi ribarka a fili. Ka bar masa ƙofar ya ce "ƙara", ka daina ko ka sallama ko ka bari. Sannan ka sayi ƙaramin littafi, duk tayin da ka yi a kakar nan ka rubuta shi da farashin ranar da amsar da aka ba ka, sallama ko albarka. Kafin ka cika shafi uku za ka ga inda iyakar mutanen kowace kasuwa take. Ka je kafin ranar ɗaurin auren, ka fara da yi masa Allah ya sanya alheri.