Tambayoyinku kan Fasaha: Kayan Aikin Manazarcin Bankin Zuba Jari

Saƙonnin wannan makon sun fi yawa daga matasanmu masu harin aikin nazari a bankunan zuba jari da kamfanonin dillancin hannun jari na Duwala da Njamena. Na tsinci waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Wani ɗalibin tattalin arziki daga Ngaundare: Malam, a wani zauren Telegram an ce za a saka min Bloomberg Terminal a waya kan sefa dubu 15. In biya?

Riƙe kuɗinka ka sayi mega. Kujera ɗaya ta Bloomberg Terminal, manhajar da bankuna suke bin farashi da labaran kasuwa da ita, tana cin sama da dala dubu 20 a shekara, kuma wanda yake amfani da ita daga nesa sai an tantance shi da kansa kafin ta buɗe. Mai sefa dubu 15 ko dai zai ɓace da kuɗinka, ko ya cusa maka manhajar da za ta kwashe lambobin sirrinka. Abin da ɗalibi yake buƙata yana nan kyauta. Rahotannin kamfanonin Amurka, wato 10-K na shekara da 10-Q na wata uku-uku, suna kan shafin EDGAR na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jarin Amurka. Kuɗin ruwa da hauhawar farashi suna kan shafin FRED na reshen babban bankin Amurka da ke St. Louis. Farashin auduga, man ja, roba da ɗanyen mai kuwa Bankin Duniya yana fitar da su kowane wata a takardar da ake kira Pink Sheet. Na gida kuma, shiga shafin BVMAC, kasuwar hannayen jarin ƙasashen CEMAC shida na Afirka ta Tsakiya, wadda aka haɗe da kasuwar Duwala a 2019. Sauke rahotannin kamfanonin da ke cikinta, irin su SOCAPALM, SAFACAM da SEMC, ka karanta su layi-layi. Wanda ya iya karanta rahoton SOCAPALM ya fi mai hoton allon Bloomberg a waya samun aiki.

Wani ɗan Garwa da ke sitaj a Duwala: Malam, shugabana yana ba ni lissafin kamfanonin da muke shirya wa neman jari, duk a PDF. Ina loda su a shafukan kyauta masu mayar da PDF zuwa Excel, sannan in liƙa a ChatGPT ya taƙaita min, in tura wa kaina ta WhatsApp don in ƙarasa a gida. Wane shafi ne ya fi sauri?

Ƙanena, ka tambayi sauri, ni kuwa tun kafin in kai ƙarshen saƙonka gabana yake faɗuwa. A layi uku ka lissafa hanyoyi uku da kake fitar da sirrin mutane daga ofis, kuma ba ka ma san kana yi ba.

Bari mu fara da shafin da yake juya PDF. Idan ka danna maɓallin lodawa, fayil ɗin ya bar kwamfutarka ya tafi wata na'ura a ƙasar da ba ka sani ba, hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba. Za su rubuta cewa suna gogewa bayan 'yan awoyi. Wataƙila gaskiya ne, amma ba ka da hanyar tabbatarwa, kuma bankinku bai sa hannu kan wata yarjejeniya da su ba. Yarjejeniyar da bankinku ya sa wa hannu ita ce ta riƙe sirrin wannan kamfani. Me ke cikin takardun? Bashin da ake bin su, ribar da ba su bayyana ba tukuna, albashin manyansu, farashin da suke son sayar da kaso. Kamar dillalin shanu ne a kasuwar Adumri ya hau kan mota ya shelanta ƙarshen farashin da mai saniya ya raɗa masa a kunne. Daga ranar babu mai sake ba shi igiya.

ChatGPT da 'yan'uwansa ma haka. A asusun kyauta, abin da ka rubuta yana iya shiga cikin abin da ake horar da manhajar da shi, sai in ka shiga saiti ka kashe. Ko ka kashe, bayanin ya riga ya fita daga gidanku. A 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu injiniyoyinsa sun liƙa bayanan cikin gida a ciki, kuma a shekarar ne manyan bankuna irin su JPMorgan suka taƙaita amfani da ChatGPT a ofisoshinsu. Ban hana ka amfani da shi ba. Tambaye shi ya bayyana maka yadda fomula take aiki, ko ya nuna maka bambancin tsarin rubuta lissafin kamfani na SYSCOHADA, wato na yankinmu, da na IFRS, wato na duniya, da lambobin da ka ƙirƙira don gwaji. Amma sunan abokin hulɗa da alƙalumansa na gaske, a'a. Kuma duk lambar da ya ba ka, koma ka nemo ta a asalin takarda, domin yana iya ƙago adadi ya miƙa maka da cikakken ƙarfin hali.

WhatsApp kuwa na san abin da za ka ce: ai saƙonnin a kulle suke. A kulle suke a hanya. Da sun sauka, suna zaune a wayar da ƙannenka suke karɓa su buga wasa, wayar da kake bari a shagon caji, wayar da ɗan babur zai iya fizgewa a Akwa. Sannan doka tana son banki ya iya nuna duk saƙon da aka yi kan wata hulɗa. A Disamba 2021 hukumomin Amurka sun ci tarar JPMorgan dala miliyan 200 saboda ma'aikata suna tattauna aiki ta WhatsApp da wayoyin kansu, a Satumba 2022 kuma aka ci wasu manyan bankunan tarar da ta haura dala biliyan ɗaya da rabi kan laifi iri ɗaya. Kada ka ce can ne Amurka. Kamaru tana da dokar sirrin banki, COSUMAF, hukumar sa ido kan kasuwar hannun jarin yankinmu da ke Libreville, kuma tana hukunta cinikin hannun jari da bayanin da bai fita fili ba. In abokinka ya ga takardar a wayarka ya je ya sayi hannun jari, bincike kanka zai dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ku 'yan arewa ba ku da yawa a waɗannan ofisoshi. Da wahala aka kai ka can. In aka kama ka da wannan, ba kai kaɗai za a rufe wa ƙofa ba.

Ga abin yi. Excel na Microsoft 365 a Windows yana iya jawo tebur daga PDF da kansa ta Power Query, ba tare da fayil ya fita ko'ina ba. In babu shi, akwai Tabula, kyauta ce kuma a cikin kwamfutarka take aiki, sai dai ba ta karanta takardar da aka ɗauka hoto. Don haɗa PDF ko raba shi, saka PDF24 Creator, wanda ake girkawa, ba na shafin intanet ba. Nemi izinin masu kula da kwamfutocin ofis kafin ka saka ko ɗaya. Aikin gida kuma, ko su ba ka kwamfutar ofis mai BitLocker, mai kulle bayanan da ke cikinta, da VPN, mai haɗa ka da ofis ta hanya a kulle, ko ka zauna ka ƙarasa a ofis. Gobe da safe ka goge abin da ke WhatsApp da ajiyarsa ta Google Drive, ka je ka gaya wa shugabanka da bakinka kafin ya ji a wani wuri.

Wata ma'aikaciyar banki daga Njamena: An turo min fayil daga Landan, duk akwatunan sun koma #NOM?. Me ya faru?

Malama, sun yi amfani da fomular XLOOKUP, wato RECHERCHEX a Excel ɗinki na Faransanci, ke kuma naki na 2016 ne ko 2019, bai san shi ba. Ko ki koma 2021 ko 365, ko ki sake rubuta su da INDEX da EQUIV. Ni dama su na fi so, suna buɗewa a kowace tsohuwar kwamfuta.

Wani daga Kusiri: Wuta ta ɗauke, aikin yini guda ya tafi.

Ctrl da S ba su da kuɗi, ɗan'uwa. Rage lokacin ajiyar kai-tsaye daga minti 10 zuwa 2, ka sayi ƙaramin ondila, mai riƙe wuta in ta ɗauke, ka riƙa sa kwanan wata a sunan kowane fayil.

Wani matashi daga Marwa: An ce Excel ya tsufa, in tafi Python kai tsaye. Sannan ina ƙoƙarin ƙiyasta darajar wani kamfanin man gyaɗa, ban san kason ragin da zan ɗora ba.

Wanda ya ce maka Excel ya tsufa bai taɓa zama a ɗakin da ake cinikin kamfani ba. Python, harshen rubuta manhaja, yana da amfani in bayanai sun yi yawa, amma abin da shugabanka zai buɗe da dare ya bi da maɓallin F2, mai nuna fomula, akwati-akwati Excel ne. Ajiye linzamin kwamfuta ka koyi maɓallai. Lambar da ka shigar da hannu ka yi mata shuɗi, fomula baƙi, kada ka taɓa binne lamba a cikin fomula, kuma kusa da kowace lamba rubuta takarda da shafin da ka samo ta. Asarar da JPMorgan ya yi a Landan a 2012, sama da dala biliyan 6, binciken bankin da kansa ya gano cewa a cikin takardar auna haɗari ana kwafe lambobi da hannu daga wannan shafi zuwa wancan, kuma wata fomula tana rabawa da jimilla a inda ya kamata ta raba da matsakaici.

Kason ragi kuma, wato kason da ake rage kuɗin da zai shigo nan gaba da shi don a san darajarsa a yau, je shafin Farfesa Aswath Damodaran na Jami'ar New York. Kowane Janairu yana sabunta teburorinsa kyauta, har da ƙarin haɗarin kowace ƙasa, Kamaru na ciki, da ma'aunin beta na kowane fanni, mai nuna haɗarinsa in an kwatanta da kasuwa gaba ɗaya. Tunda sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, fara da ruwan takardun lamunin gwamnatin Jamus na shekara 10, ka ɗora haɗarin ƙasa da na fannin abinci. Daga nan buɗe shafin BEAC, babban bankin yankinmu, ka duba ruwan da Baitulmalin Kamaru ya biya a gwanjon takardun lamuninsa na baya-bayan nan. In kason da ka samu wa kamfanin man gyaɗa ya yi ƙasa da abin da gwamnati take biya, akwai kuskure a lissafinka, koma ka nemo shi. Kuma a Excel yi amfani da fomular VAN.PAIEMENTS, mai la'akari da ranar da kowane kuɗi ya shigo, maimakon VAN, saboda kuɗin gyaɗa da kaka yake shigowa, ba a ƙarshen Disamba ba.