Tambaya da Amsa: Baƙin man taraktata ya koma fari, ruwan lagireto kuma sai ƙarewa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina da ƙaramar tarakta mai silinda uku, ta hannu na saya, da ita nake haro a fadama ina kuma jan tirela lokacin girbin shinkafa. To tun ranar da ta yi oba hitin a gona yaron da ke tuƙa ta ya kwara mata ruwan sanyi, sai na lura kullum sai an ƙara ruwa a lagireto alhali babu inda yake ɗiga a ƙasa, da na zaro geji kuma sai naga mai ya wuce layi ya koma kamar shayi da madara. Bakanike ya zo ya canza tof gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin murfin saman inji, ya juye mai, ba a jima ba abu ya dawo. Yanzu ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya, wani kuma ya ce in fasa ƙwai in zuba a lagireto zai toshe wurin. Ga aiki ya taso ga mutane sun ba ni kafin alƙalami. Ya zan yi?
— Manomi daga Kura, jihar Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai cire makullin taraktar nan ka jefa a aljihu, kar yaro ya sake tayar da ita ko da matsar da ita inuwa ne, in ya zama dole a ja ta. Ba tsorata ka nake ba. Karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, da mital ɗin da yake kwance a ciki ba taɓa juna suke ba, ɗan siririn mai ne a tsakaninsu, to da zarar ruwa ya shiga man nan ya tsinke sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe, in kuma kulan ne, wato ruwan sanyaya inji mai kala, a lagireton abin ya fi muni don shi dagwalo yake mai da mai ya toshe filta da hanyoyin da mai ke bi. Aikin da zai tsaya a kan silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman inji, sai ya koma gurzar karanshaf da sayen mital da ringi. Masu kafin alƙalami ka ba su haƙuri ko ka nemo musu wata taraktar su yi aikinsu.

Ƙwai kuwa ka bar wa yara su ci. Ko ya toshe wani ɗan huji a jikin lagireto ba zai iya da matsin da ke cikin silindar dizal ba, ƙarshenta ma bututun lagireton zai cushe maka zafi ya ƙaru.

Shi bakanikenka ban ce bai iya aiki ba, amma an yi abin da na fi gani a garejinmu, ana ganin ruwa a mai sai a ce gasket ne a canza a ɗaure, ba a tsaya an ga ta inda ruwan ke bi ba. Sauke inji ma yanzu wani lalube ne a duhu. Akwai gwajin da za a yi tarakta na tsaye a inda take, ba a ma tayar da ita ba.

Ku bar ta ta kwana, da safe a sassauta notin juye mai a hankali ba tare da an cire shi duka ba. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara tsiyayowa, a nan zaka ga yawan abin da ke shiga. Wani lokaci ruwan sama ne ke bi ta salansar da ke kallon sama in an bar ta a buɗe da damina, amma naka ba shi ba ne tunda lagireto na shanye ruwa. Daga nan a juye man duka a kwance botom filet, wato kaskon mai na ƙasan inji, a goge ciki da tsumma ya bushe. A cika lagireto da ruwa, sai a ba shi iska. In akwai famfon gwajin lagireto shi ke nan, in babu a yanko tiyub ɗin babur wajen da bawul yake a ɗaure shi tam a bakin lagireto, a toshe ɗan bututun da ke zubar da rarar ruwa, a buga da famfon keke mai agogo. Kar a wuce lambar da ke rubuce a marfin lagireton, wasu 0.5 ne wasu 0.9 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", in aka zarce sai a fasa lagireto a jawo wani aikin. Sai bakanike ya kwanta a ƙasa da tocila ya yi haƙuri ya jira, wani ɗigon sai an ɗauki lokaci yake fitowa.

Inda ɗigon ya fito shi ne zai faɗa muku gaskiya. In ta cikin silinda yake gangarowa ta gefen fistin, to daga sama yake, ko gasket ko kan silindar ya tsage ko ita silindar ta huje. In ta bayan silib, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da komowa a ciki, yake ɗiga daga gindinsa, robobin da ke ɗaure gindin silib ne suka mutu, kuma wannan ko gasket goma aka canza ba zai daina ba. Amma fa ba kowane inji ke da wannan ba. Injinan John Deere irin na 5E da ake ƙerawa a Indiya silib ɗinsu cikin ruwa yake tsundum, da robobi a ƙasa, shi kuwa Perkins mai silinda uku da ke cikin Massey Ferguson 135 da 240 silib ɗinsa busasshe ne a matse cikin bulok, wato gangar jikin inji, ruwa ba ya taɓa shi. Ba ka faɗi irin taka ba, don haka ka tambaya kafin wani ya sa ka sayen robar da injinka bai da wurinta. In kuma ta ramukan da mai ke komowa daga sama ruwan yake zubowa, a buɗe marfin bawul a duba, wasu injinan akwai 'yan marafan ƙarfe da aka buga a kan silinda, tsatsa na cinye su, kuɗinsu kaɗan ne amma sun sa mutane da yawa sauke inji a banza. In taka tana da kular mai, wato na'urar da ke sanyaya baƙin mai, ita ma a cire a gwada ta daban, alamarta sau da yawa zaka ga baƙin mai yana yawo a saman ruwan lagireto.

Ni dai yadda ka ba da labarin nan, zargina yana kan kan silinda. Ƙarfe ya ɗau zafi sosai an kwara masa ruwan sanyi, ko ya lanƙwashe ko ya tsage, galibi tsakanin bawul da bawul ko kusa da ramin nozul mai fesa dizal, tsagar da ido ba ya gani sai inji ya yi zafi ta buɗe. Sabon gasket zai ɗan riƙe na 'yan kwanaki sannan ya saki, daidai da abin da ya same ka. A cire kan silindar a kai wa masu injin gurza, su ɗora ƙarfe miƙaƙƙe su auna da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, su kuma gwada shi da matsi a ruwa, kar ka yarda da an duba da ido lafiya lau. In lanƙwasa ce kaɗan a share fuskar, in tsaga ce ni na fi son a nemi wani kan, walda a wurin nan ba kasafai take daɗewa ba. Fuskar bulok ita ma a auna ta.

Wajen ɗauri nan ma ana ɓarna sosai. Gasket ka je da tsohon a hannu ko kasuwar Ƙofar Ruwa ce ko ta Panteka a ɗora a kan sabon a ga duk ramuka sun hau, ka sayi mai kyau ko ya fi tsada. A wanke ramukan kusoshi, don in ruwa ko mai ya kwanta a ciki kusa zata nuna ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba. A ɗaure da sifana mai awo daga tsakiya ana fita waje, kaɗan kaɗan ana zagayowa har a kai adadin da littafin injin ya ce, ba a sa bututu a sifana ƙato ya hau da ƙarfinsa ba. Tunda botom filet a kwance yake a buɗe mital ɗaya ko biyu a gani, in jan ƙarfe ya fara bayyana a canza yanzu. Kafin a buga sitata a cire nozul a juya injin da hannu, ruwan da ya kwanta a kan fistin ba ya matsuwa, bugu ɗaya zai lanƙwasa konrod, wato sandan da ke haɗa fistin da karanshaf. Sai a zuba mai mai sauƙin kuɗi da sabuwar filta, ta yi aiki mara nauyi har ta yi ɗumi, a juye da zafinsa a sake wani man da wata filtar. Kuma a binciko abin da ya jawo oba hitin ɗin tun farko, ƙaiƙayin shinkafa ne ya toshe fuskar lagireto ko fambel ne ya saki ko famfon ruwa ne, in ba haka ba za a koma gidan jiya.

TAMBAYA: Injiniya ni bakanikena ya cire min tamostat ya ce ta ƙasar sanyi ce, kuma ruwan rijiya nake zubawa a lagireto. Akwai matsala?
— Direban tarakta daga Maradi

AMSA: Akwai ɗan'uwa. A mayar da tamostat, ita ke sa inji ya kai zafin da ya dace da wuri, in babu ita da sanyin safiyar hunturu inji na daɗewa bai ɗumama ba, gumi ya taru a cikin mai, dizal ya ƙi ƙonewa sosai. Ruwan rijiya kuma musamman mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri yana barin farin datti mai tauri a bututun lagireto yana cin silib da marafan nan da na ambata a sama. Ka sayi kulan na injin dizal ka haɗa yadda aka rubuta a jikin galan, in ba hali ka tari ruwan sama mai tsabta ka tace ka ajiye a jarka. Kuma ka ja wa duk mai tuƙa ta kunne, in allura ta hau ja kar ya buɗe marfi kar ya zuba ruwa, ya tsaya ya bar ta ta huce tukuna.