Rabin Allon Talla Ya Mutu? A Fara Duba Mahaɗar Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon magani a Zariya, na kafa allon LED mai jan rubutu a bakin ƙofa. Tun da damina ta sauka rabinsa ke ɗaukewa, wani lokaci rubutun ya hargitse. Mai gyara ya ce sai dai a sake sabo. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin zaro kuɗi. Yawancin allunan da na buɗe masu wannan ciwo, fitilunsu lafiya ƙalau, mahaɗar waya ce ta saki ko ta yi tsatsa.

Irin allonka an jera shi ne da ƙananan faifai da ake kira P10, kowanne santimita 32 a tsawo, 16 a faɗi. A bayan kowane faifai akwai waya iri biyu: ja da baƙa masu kawo wuta volt 5, sai wata shimfiɗaɗɗiya ruwan toka mai ramuka 16 a kanta, wadda ke miƙa saƙon rubutu daga faifai zuwa faifai. Tunda saƙon bi da bi yake tafiya, mahaɗa ɗaya ta saki, duk na gaba da ita sun rasa saƙo. Don haka a je daidai inda rubutun ya yanke.

Amma kafin hannu ya shiga, a zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba. Ana iya kawo wuta ko yaron shago ya tada janareto mutum yana kan tsani. A kuma jira kamar minti 5, domin akwatin da ke rage wutar gida zuwa volt 5 yana iya riƙe sama da volt 300 a cikinsa bayan an cire shi.

Wajen zare wayar saƙo, kan robar ake kamawa da yatsu biyu, a ja shi a miƙe. Raina yana ɓaci in na ga ana fizgar wayar kanta, domin nan take take sakin haƙoranta ta ciki, ido kuma ba ya gani. In an ga kore-kore a kan fil, wato siraran ƙarafan da ke shiga ramukan, aikin danshi ne: a goge da ƙaramin buroshi da sifirit, a bari ya bushe sarai. Wajen mayarwa, a lura da jan layin da ke gefen wayar, shi ne fil na 1, da kuma kibiyar da ke bayan faifan mai nuna inda saƙo ya nufa. Sannan a toshe inda ruwa ke shiga, a bar wayar da ta shigo daga waje ta ɗan lanƙwaso ƙasa, ruwan sama ya ɗige kafin ya kai mahaɗa.

Tambaya: Ni almajirin wayarin ne a Maraɗi. Me ke sa kan wayar wuta ya yi baƙi ya narke, alhali volt 5 ne kacal?

Amsa: Ƙanena, ƙarancin volt ɗin ne ke ruɗin mutane. Akwatin wat 200 yana ba da amp 40, wato wuta mai yawa ke gudu a wayar, kuma duk inda ƙusar da ke riƙe waya ba ta ɗauru ba, nan zafi ke taruwa har roba ta narke. Ka daina murɗa tsirarar waya kana cusa ta ƙarƙashin ƙusa, ko jona biyu da salatif. Sa mata kan ƙarfe, ka matse da filaya, ka ɗaure, sannan ka ɗan ja ka ji ko ta kama. Kada ka rataya faifai da yawa a kan siririyar waya ɗaya. Jar waya zuwa inda aka rubuta +V, baƙa zuwa -V. In ka juya su, faifan na iya ƙonewa nan take, don haka auna da mita kafin ka jona. Da hunturu kuma, ka fara taɓa ƙarfen firam kafin ka taɓa fil, saboda wutar da jiki ke tarawa a bushewar iska tana kashe ƙananan na'urorin faifan.