Tambayi Likita: Me Takardar Gwajin Jini Ke Cewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 3 ya yi zazzaɓi, aka ɗebi jininsa a asibiti. Takardar da Faransanci take: GE +, Hb 7,8 g/dl, GB 9500, PLT 110000. An ba mu magani, amma ba wanda ya yi mini bayani. Daga Maman Abba, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. GE shi ne abin da masu gwaji ke kira gut efes, wato ɗigon jini mai kauri. A kan gilashi ake ɗiga shi, ya bushe, a rina shi, sannan a duba da madubin likita. Alamar + na nufin an ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ido. Daban yake da TDR, wato gwajin gaggawa, ɗan farin robar nan mai fitar da layi biyu cikin minti 15 zuwa 20. Shi TDR furotin da ƙwayar ta saki yake kamawa, furotin ɗin kuwa yakan yi makonni a jini bayan an warke. Saboda haka in zazzaɓi ya dawo bayan kwana goma, GE za ki nema.

Inda na fi so ki sa ido shi ne Hb, emoglobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Waƙafin nan na Faransanci ɗigo ne: bakwai da ɗigo takwas ke nan, ba 78 ba. Yaro mai shekarunsa ana son ya kai 11, ƙasa da 7 kuma ƙarancin jini ne mai tsanani. Abba na dab da wannan iyaka. Dalili kuwa, ƙwayar na shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su kusan duk bayan awa 48. Ki riƙa jan fatar idonsa ta ƙasa kina dubawa, da tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ko yana numfashi sama-sama, ko ya langaɓe ya ƙi ci, asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

In artemeta-lumefantirin aka ba ku, sau shida ne cikin kwana uku, da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yakan ɗauki wata uku, kuma yana mai da kashi baƙi, kada ki tsorata. Kada a haɗa shi da shayi, shayi na hana hanji tsotsar ƙarfen. Folere kuwa, wato zoɓo, a sha don daɗi, jan launinsa ba jini ba ne. Hanta, nama, kifi da wake sun fi shi aiki.

GB fararen ƙwayoyin jini ne, masu yaƙi da cuta, nasa lafiya lau. PLT su ke tsai da jini in an ji rauni. Daga 150000 ake so, amma zazzaɓin kan rage su, su dawo da kansu.

Tambaya: Za mu yi aure, gwajin Emmel ya nuna ni da ita duk muna da alama. Sikila gare mu? Daga wani saurayi, Marwa.

Amsa: Ɗana, gwajin Emmel, mai neman alamar sikila a jini, ba ya raba mai ɗauke da iri, AS, da mai ciwon, SS. Ku yi elektoroforez na emoglobin, shi ke fayyacewa. In duk ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma haihuwar lafiyayye a farko ba ta rage wannan lissafi a ciki na gaba. Ku karɓi sakamakon kafin a kai goro.