Amsa: Waya za ta iya nuna wurin da za a huda kai a tiyatar ƙwaƙwalwa?

Likita, ka tambaya ko manhajar waya za ta iya tsayawa a madadin na'ura mai tsada da ke nuna wa likita hanya a cikin kai wajen cire gudan jini daga ƙwaƙwalwa. Tana taimakawa sosai, amma aikinta a fatar kai ya tsaya.

A kwamfuta ake farawa. A ɗauki hoton CT mai siririn yanka, kamar milimita 1, a zuba cikin 3D Slicer, manhajar sarrafa hotunan asibiti wadda kyauta ce, a fitar da siffar jinin tare da kunne da hanci. Hoton wannan siffar ake turawa waya. Manhaja irin Sina tana ɗora hoton kan abin da kyamara ke gani, sai a daidaita kunne da kunne, hanci da hanci, a zana iyakar jinin a fata. Da haka buɗe taga ta santimita 2 zuwa 3 a ƙashin kai yakan wadatar da madubin tiyata, wato siririn bututu mai kyamara da ake leƙa ciki da shi.

Kusurwa ce ke cin mutane. In wayar ta ɗan karkata, ko ta matso kusa da kan majiyyacin, zanen yakan goce, don haka a kafa ta a kan mariƙi, a ja baya. A kuma tabbatar hoton bai juya dama zuwa hagu ba.

Zurfi kuwa waya ba ta faɗa, tun a kwamfuta za ka auna. Sannan da an buɗe rufin ƙwaƙwalwa ruwa ya fita, ƙwaƙwalwar takan gusa. Shi ya sa ban yarda a dogara da waya kan ƙaramin ƙari mai zurfi ba.